Ɗan Farin Iya Sa'a

Kakata ce, uwar babana, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kanta, kuma zan faɗa. Sunanta Sa'a, amma a duk Kwarin Gawo, ƙauyenmu da ke can bayan garin Dogo, Iya Sa'a ake ce mata. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, siririya, sauran haƙoran da suka rage mata goro ya gama rine su. Daga Zermu aka kawo ta aure, ta haihu da yawa, ƙasa ta karɓi fiye da rabi tun suna goye. Ni ce Raliya, jikarta ta wajen autanta Hassan, ina ɗinki a Damagaram.

Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ne sana'arta tun tana da ƙarfi. Ita ke soya gyaɗarta, ta murje, ta sheƙe, ta kai niƙa, ta dawo ta durƙusa gaban turmi tana juya ƙullun da ruwan zafi har mai ya taso. Ranar kasuwar Dogo ba ta dawowa da ko ɓarɓashi. Bakinta kuwa ba ya hutawa a kan jikoki. In na kai mata riga sai ta ɗaga ta sama ta ce, "Raliya, wannan ɗinkin naki na birni, mutum ake sawa a ciki ko gero?" Ni kuma in ce mata ai daidai da ita na yanka, tunda ita ma duk ba ta fi tiya biyu ba. Haka muke da ita, ba ta raga mini, ba na raga mata.

Amma abin da aka fi saninta da shi ba ƙuli-ƙuli ba ne, kunya ce. Idan uwa za ta tsawata wa ƴarta a garinmu sai ta ce, je ki zauna kusa da Iya Sa'a ki ga yadda mace take. Mijinta Malam Suma'ila ya rasu tun ina ƙarama, har yau ba ta taɓa furta sunansa ba, ko yaron maƙwabta ne mai wannan suna sai ta ce "mai sunan malam". Haka kuma ɗanta na fari. A wajenmu, musamman a zamaninsu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In ya faɗi ya fasa baki, Iya sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗauke shi. Sunansa Nomau, ita kuwa "wancan" take cewa.

Na tashi na tarar ba a zancen Baba Nomau a gidanmu. Abin da muka sani mu yara shi ne, wan babanmu ne, ya kashe mutum, ya sha ɗauri a gidan kaso, yana birni. Da na yi aure na dawo Damagaram na same shi yana ga-ruwa, yana tura jarkoki a amalanke daga famfo zuwa gidajen mutane. Dogo ne, ya rankwafa, ba ya son yawan magana. Matar da ya bari a ƙauye tun yana ɗaure aka raba aurensu, bai sake yin wani ba. Babana ya ce in riƙa aika masa tuwo, ina aikawa, in na gaishe shi ya amsa ya tambayi lafiyar gida a dunƙule, bai taɓa ware mutum ɗaya ya ambata ba.

Bara da kaka gwiwarsa ta ƙi. Ya daina tura ruwa, sai ya zauna gindin katangar da ke kusa da famfo, abokan aikinsa na taimaka masa da abin da za su iya. Wata rana na kai masa abinci da kaina, ya ce, "Raliya, ki gaya wa babanki ina son in koma gida. Ba gona nake nema ba. Ɗaki kawai, in mutu a inda za a san wanda aka binne."

Babana ya kai maganar wurin mai gari, maganar ta fita, sai ga Mustafa ya tada ƙura. Mustafa ɗan Alkasum ne, mutumin da aka kashe. Yana goye lokacin da abin ya faru, bai san fuskar ubansa ba. Ya ce muddin yana numfashi wanda ya mai da shi maraya ba zai tsaya sahu ɗaya da shi a masallaci ba. Ban ga laifinsa ba. Mai gari ya ce to a bari ranar Juma'a bayan an sauko, a zauna a yi magana.

Na tafi ƙauye tun kafin ranar. Na sami Iya da hantsi a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗar iri, na zauna ina taya ta. Ba ta tsokane ni ba, ba ta ce komai a kan rigata ba, nan na san akwai abu. Na ce, "Iya, kin ji ɗanki yana son ya dawo."

Ta ce, "Na ji ana faɗa."

"Mustafa ya ce ba zai zauna da wanda ya kashe ubansa ba."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wancan bai kashe kowa ba."

Na ɗauka irin maganar uwa ce. Na ce to ai kowace uwa haka za ta ce. Sai ta ajiye ƙwaryar ta ba ni labarin, a hankali, tana kallon ɓawon gyaɗa.

Shekara kusan arba'in ke nan. Baba Nomau yana saurayin magidanci, gonarsa na maƙwabtaka da ta Alkasum. Suka yi rigima a kan ciyawar gamba da ke kan iyakar gonakin, wannan ya ce an tuge an matsar, wancan ya ce ƙarya ne, har suka ci kwalar juna a gaban jama'a. Baba Nomau da zafin kai na ƙuruciya ya ce wa Alkasum zai gani. Ba a daɗe ba ranar kasuwa ta zo. Da yamma jakin Alkasum ya dawo gida shi kaɗai. Aka bi sawu aka same shi a kwari, gefen hanyar Dogo, an fasa masa kai da gora.

A wannan rana kuwa Baba Nomau ko kasuwar bai je ba. Matarsa tana gidan iyayenta wajen haihuwa, shi kuma masassara ta kama shi tun safe. Ya lallaɓo gidan ubansa neman magani, bai tarar da kowa ba sai Iya, don ita ma ranar ba ta yi mai ba, duk mutanen gida sun tafi cin kasuwa. A bakin ɗakinta ya yanke jiki ya faɗi. Ta duba gabas ta duba yamma, ba kowa. Sai ta ja shi ciki, ta lulluɓe shi da zanenta, ta dama masa kunun tsamiya ta ba shi da hannunta, ta ɗora kansa a cinyarta. Ta ce mini tun ranar da aka yaye shi ba ta sake taɓa jikinsa ba sai ran nan. A nan ya wuni yana rawar ɗari har bayan la'asar. Kakanmu ya dawo ya ga takalman ɗansa a ƙofar ɗakin, ya gane su, ya juya ya koma zaure kamar bai gani ba.

Kashegari jandarma suka zo. Aka tara mutane a zauren mai gari na lokacin, aka ɗaure Baba Nomau saboda maganar da kowa ya ji ya yi. Ya ce shi ranar yana kwance a ɗakin mahaifiyarsa, a tambaye ta. Aka aika aka kira Iya. Ta shigo ta tarar da zaure cike da maza, ga surukinta, uban mijinta, a zaune, ga yayyen mijinta, ga limami, ga mijin nata a gefe. Babban jandarman baƙo ne, ba ɗan wannan yanki ba, Hausarsa ta ciniki ce. Ya nuna Baba Nomau ya ce mata, wannan ɗanki ne? Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya ce ranar kasuwa yana ɗakinki? Ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ya ɗaga murya.

"Me kika ce, Iya?" na tambaye ta, ko da yake jikina ya riga ya ba ni amsa.

"Na ce ban sani ba."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Ba ki sani ba? Kansa a cinyarki, ki ce ba ki sani ba?"

Ta ce, "A gaban surukina zan ce ɗan fari ya kwana mini a ƙafa? In ce na ba shi kunu a baki? Raliya, ba ki san zamanin ba. Harshena ne ya ƙi. Na ɗauka in baƙi sun ɗan fita, manya za su aiko wata tsohuwa ta tambaye ni a ɗaki, yadda aka saba, su kuma su gyara maganar a tsakaninsu. Na koma na zauna ina jira."

Ba wanda ya aiko. Jandarman ya ga uwa ta ƙi shaidar ɗanta, me kuma zai nema? Kafin azahar an sa Baba Nomau a mota. A jastis, gaban alƙali, ya maimaita maganarsa, aka ce masa uwarsa da kanta ta ƙaryata shi. Ya shafe fiye da shekara goma a gidan kaso.

Na huce da Iya daga baya, amma da mazan da ke zauren nan har yau ban huce ba. Jandarma baƙo ne, bai san mu ba. Amma su fa? Duk wanda ke zaune a wurin uwa ce ta haife shi, da yawansu ƴan fari ne, sun san sarai ba macen da za ta buɗe baki a kan ɗan farinta a irin wannan taro. Mutum ɗaya ya ce ranka ya daɗe, a nan ba haka ake tambayar uwa ba, da shi ke nan. Ba su faɗa ba. In ba Nomau ba ne, to jandarma za su zauna a gari, su kwashe samari, su shiga gida-gida, ga gero a gona yana jiran yanka. An sami wanda za a miƙa, kowa ya ja bakinsa. Kakanmu da ya ga takalma da idonsa, shi ma kunyar ɗan fari ta zame masa mafaka, har ya mutu bai ce uffan ba.

Sannan aka zo aka yaba mata. Wannan ne ya fi ci mini rai. Mata suka riƙa shigowa jaje suna cewa, kai, Sa'a akwai kunya, ko a gaban jandarma ba ta karya ba. Daga nan ne sunanta ya fita. Ashe duk wannan je ki koyi kunya wurin Iya Sa'a da aka yi ta gaya mana muna yara, daga zauren nan ya samo asali. Ni kaina na sha bugun ƙirji da shi a gidan miji, ina cewa ni jikar wance ce. Da na tuna haka sai na kasa haɗa ido da kowa a gidan, har da awaki.

Na ce mata, "To duk shekarun nan fa? Me ya hana ki faɗa daga baya?"

Ta ce, "Da farko ina jira a tambaye ni. Da aka fara yabona kuma sai na rasa ta inda zan fara. Kullum ya ƙara nauyi." Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta kasa fasa ta. "Duk ranar kasuwa in na ga mai zuwa birni, sai in ƙulla ƙuli-ƙuli in ce a ba wa mabukaci a bakin gidan kaso. Ban taɓa cewa wane ba. Ban san ko ya taɓa kaiwa gare shi ba."

Na ce ranar Juma'a za ta je ta faɗa, ko ni in faɗa. Ta ce in na faɗa za a ce jika ce ke kare gidansu, ba a haife ni ba ma lokacin. Daga nan na tashi na bar mata gyaɗarta, don in na ƙara zama zan faɗi abin da ba a gaya wa kaka.

Ranar Juma'a aka zauna a ƙofar gidan mai gari Nasiru, jikan wancan na da. Mu mata muna daga bayan danga muna ji. Babana ya yi magana, ya ce ɗan'uwansa ya biya abin da hukuma ta ɗora masa, ya tsufa, a ji tausayinsa. Mustafa ya ce shi wa ya ji tausayinsa da yana kallon yara suna bin iyayensu gona? Ana cikin haka sai na ga mutane suna waiwaye. Iya ce tafe, tana dogara sanda, ba wanda ya riƙe ta. Ta ratsa maza ta tsaya a tsakiya. Mai gari ya ce a ba ta tabarma, ta ce a tsaye aka tambaye ta wancan karon, a tsaye za ta amsa.

Mayafinta ya zame daga kanta, ba ta gyara ba. Ta ce, "Nomau ɗana ne. Ni na haife shi. Ranar da aka kashe Alkasum yana ɗakina tun hantsi har bayan la'asar, kansa a cinyata, masassara na kaɗa shi. An tambaye ni na ce ban sani ba. Ƙarya na yi. In kuna so a kawo Alƙur'ani in dafa."

Sai ta juya wajen wani tsoho da ke jingine da bango, Ɗanƙarami, shi kaɗai ya rage cikin mutanen da suka zauna a zauren nan. Ta ce, "Ɗanƙarami, kana wurin. Da na ce ban sani ba, ka yarda?"

Tsohon ya daɗe yana murza carbinsa. Ya ce, "Ba wanda ya yarda, Sa'a."

Mustafa ya miƙe tsaye. Na zaci zai yi faɗa, sai na ji muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Baba, kun san ba shi ba ne?"

"Ba mu san ko wane ne ba. Amma mun san ba a tambaye ta yadda ya kamata ba."

"To wa ya kashe ubana?"

Ba wanda ya sani. Tun ranar da aka tafi da Baba Nomau ba a sake neman kowa ba. Mustafa ya dubi fuskokin dattawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Kun bar ni na girma ina tsinar wanda bai yi mini komai ba. Wanda ya yi kuwa, wataƙila na sha durƙusa masa ina gaisuwa. Wataƙila da ni aka ɗauki gawarsa." Ya sa takalmansa. Da ya kai bakin hanya ya waiwayo ya ce wa babana, "Ku gaya masa ya dawo. In ba ɗaki a gidanku, akwai a nawa." Mutane suka watse ɗai-ɗai, kowa na kallon ƙasa, ba wanda ya jira addu'ar tashi. Iya kuwa ta koma gida ta shiga ɗaki ta saki labule, ranar ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba.

Washegari na shiga motar Damagaram, ban ko biya gidana ba na wuce wurin famfo. Na sami Baba Nomau a inda ya saba zama, ya miƙe ƙafar da ke ciwo. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe komai na gaya masa, da gudu-gudu, don ina jin na zo da albishir. Na gaya masa maganar Ɗanƙarami, na gaya masa ta Mustafa. Ya saurara bai katse ni ba.

Da na gama sai ya ce, "A gaban maza ta tsaya?"

Na ce a gaban kowa da kowa.

"Kai babu mayafi?"

Na ce ya zame ne.

Ya girgiza kai, idonsa ya cika. Ya ce, "Don me kuka bar ta? Tsohuwa kamar wannan, ku sa ta tsaya a tsakiyar gari ta tozarta kanta. Ni ai na riga na sha kason, ba a mayar mini da shi. Da kun bar ta da mutuncinta."

Na buɗe baki in yi masa faɗa, don raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum an cinye masa ƙuruciya, an raba shi da matarsa, ya tsufa yana tura ruwan wasu, kuma abin da ya dame shi mayafin wadda ta ƙi shi a gaban jandarma? Amma sai kunya ta rufe ni, ta gidanmu da ta garinmu gaba ɗaya, na zauna a ƙasa kusa da shi ina kallon masu jarkoki suna layi.

Sai ya yi gyaran murya ya ce, yana kallon gwiwarsa, "Kin ce ta ambaci suna."

"Ta ambata, Baba."

"Da bakinta?"

"Da bakinta."

"Yaya ta faɗe shi?"

Na ce, "Nomau ta ce."

Ya ce, "A'a. Yadda ta faɗa nake nufi. Ban taɓa ji ba."

Na gwada in kwaikwayi muryarta, na kasa. Na ce masa wannan kam sai dai ya je ya ji da kunnensa. Ya share fuska da gefen rigarsa, ya jawo sandarsa kusa, ya tambaye ni wace rana ce motar Dogo ta fi samun wuri a gaba, saboda ƙafar.